Baƙo Raɓa Ne? Haƙƙin Ɗan Gudun Hijira a Ranar Annoba

Gabatarwa

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wato baƙo na ɗan lokaci ne, da hantsi ya dubi ludayi sai ya kama hanya, amma ɗan gari yana nan daram kamar kaba, wadda ko an sare ta sai ta sake tohuwa. Maganar ta dace da fatake da masu ziyara, waɗanda ke da gidan komawa. Sai dai akwai wani irin baƙo da karin maganar ba ta yi tanadinsa ba, shi ne wanda yaƙi ya koro, aka ƙone gidansa, aka ƙwace gonarsa, ya zo da niyyar yin wata uku, ga shi ya shekara goma, har 'ya'yan da ya haifa a wurin sun shiga makaranta.

Sa'ad da annobar korona ta iso Bauchi a shekarar 2020, irin waɗannan baƙi suna zaune a cikin gari da gefensa. Annobar ta tayar da wata tsohuwar tambaya da ba a cika son yin ta a fili ba. Idan abinci ya yi kaɗan, tsoro kuwa ya yi yawa, shin daidai ne a ce ɗan gari tukuna, baƙo ya jira abin da ya ragu? Ko kuwa akwai wani haƙƙi da baƙo yake da shi wanda yunwa da tsoro ba su isa su soke ba?

Duwatsu biyu a wata guda

Ranar 3 ga Agusta 2014, mayaƙan ƙungiyar ISIS suka auka wa yankin Sinjar a arewacin Iraƙi, mazaunin Yazidawa. Su ƙaramar al'umma ce mai magana da harshen Kurmanji, da addininta na kaka da kakanni, wurinsu mafi tsarki kuwa shi ne Lalish. Aka kashe dubban mutane, aka kwashe mata da yara fiye da 6,000, aka riƙa sayar da su kamar kayan kasuwa. Waɗanda suka tsira suka hau Dutsen Sinjar, inda ƙishirwa ta gama da yara da tsofaffi da yawa.

Bayan kwana uku kacal, ranar 6 ga Agusta, Boko Haram ta kama Gwoza a jihar Borno. Nan ma dutse aka nufa. Wasu suka ɓuya a duwatsun Gwoza, wasu suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao. A watan Satumba Bama da Michika suka faɗi, ranar 29 ga Oktoba kuma aka kama Mubi, aka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi. Kirista da Musulmi suka gudu a hanya ɗaya, har adadin waɗanda rikicin ya raba da gidajensu ya wuce miliyan 2.

An sake tsugunar da wasu Yazidawa a ƙasashe masu nisa. Jihar Baden-Württemberg ta Jamus ta karɓi mata da yara kimanin 1,100, Kanada ta karɓi wasu daga 2017, Ostareliya ta zaunar da wasu a garuruwa irin su Toowoomba da Wagga Wagga, a Amurka kuma birnin Lincoln na jihar Nebraska ya zama cibiyarsu. Mutanen Borno da Yobe da Adamawa kuwa, yawancinsu ba su bar ƙasarsu ba. Waɗanda suka iso Bauchi ba a tara su a manyan sansanoni irin na Maiduguri ba, cikin jama'a suka shiga. Unguwannin gefen gari irin su Miri, a kan hanyar Jos, inda haya ke da sauƙi gona kuma ba ta da nisa, su ne irin wuraren da mai gudu yakan fara nema. Bauchi dai ba baƙuwar wannan hidima ba ce, gama ta riga ta karɓi waɗanda rikicin Jos na 2001 da na Yelwan Shendam na 2004 suka koro.

Annoba ta iske su

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas. Ranar 24 ga Maris aka sanar cewa Gwamnan Bauchi, Bala Mohammed, ya kamu, daga baya ya warke. Aka rufe makarantu watanni, aka hana acaɓa, aka taƙaita ranakun kasuwa, aka dakatar da taron sallar Juma'a da sujadar Lahadi na 'yan makonni. A watan Mayu aka sa dokar kulle a ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki. An kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli.

Dokar ɗaya ce ga kowa, amma nauyinta ya bambanta. Ma'aikaci mai albashi ya zauna a gida yana sauraron rediyo. Ɗan gari talaka ya sha wuya ƙwarai, amma yana da kawu mai rumbu a ƙauye, yana da mai kanti da ya san ubansa, wanda zai ba shi bashin mudu biyu. Ɗan gudun hijira kuwa, abincinsa yana cikin fitowar rana: dako a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, ƙwadagon gini, wankau, tallan itace. Ranar da bai fita ba, ba a ɗora tukunya ba. Aka ce a zauna a gida, alhali gidan ɗaki ɗaya ne na haya ko kango mara ƙofa, mutum takwas a ciki. Aka ce a yawaita wanke hannu, alhali ruwan da kuɗi ake saye a wurin 'yan garuwa. Daɗin daɗawa kullen ya zo a bakin damina, lokacin da mai aron gona yake neman kuɗin iri da taki.

Akwai kuma wata wahalar da ido ba ya gani. Masu hidima da Yazidawa a Kanada da Ostareliya sun lura cewa matan da aka taɓa kullewa a gidajen ISIS, zaman kulle ya tayar musu da tsohon miki. Sanarwar lafiya kuma da Turanci take fitowa, da yawansu kuwa Kurmanji kaɗai suke ji sosai. Haka abin yake ga tsohuwar da ta tashi da Glavda ko Marghi ko Kanuri, Hausarta ta gaisuwa da ciniki ce kawai. Ga wanda ya taɓa ganin kasuwa ta watse, titi ya yi tsit, majami'a a rufe, shirun gari ba hutu ba ne, gama a garinsu haka abin ya soma.

Yadda suka jimre

Zumunta a ƙafa take, annoba kuwa ƙafar ta ɗaure. Duk da haka waɗannan mutane ba su naɗe hannu ba, domin sun riga sun koyi darasin da sauran jama'a suka soma koya a 2020, wato yadda ake rayuwa sa'ad da abin da aka dogara da shi ya rushe cikin dare ɗaya. Abin da ya riƙe su shi ne abin da ya saba riƙe su tun daga hanyar gudu: ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, adashen mata, zumuntar mata a ikkilisiya, kwano ɗaya da ake kewayawa tsakanin ɗakuna, da wayar hannu wadda ta haɗa uwa a Bauchi da ɗanta a Maiduguri ko Yola. Wanda bai iya karatu ba yakan aika saƙon murya da harshensa, ta haka labarin mutuwa da na haihuwa da na farashin masara ya ci gaba da yawo ko da hanya a rufe take.

A birnin Winnipeg na Kanada, wani shiri mai suna Operation Ezra, wanda Yahudawan birnin suka soma tare da mabiya wasu addinai, ya samar wa Yazidawa filin noma. Mutanen Sinjar manoma ne tun asali, sai gonar ta zama musu abinci, ta kuma zama wurin haɗuwa a sarari a lokacin da taron cikin ɗaki ya haramta. Duk wanda ya taɓa ba ɗan Gwoza aron fili a bayan gari ya san haka. Manomi in ya sami fartanya da ƙasa, kunyar roƙo ta sauka daga kansa.

Wani abin lura kuma shi ne hukuncin Baba Sheikh Khurto Hajji Ismail, shugaban addinin Yazidawa, wanda ya rasu a watan Oktoba 2020. Bisa tsohuwar al'adarsu, wanda aka fitar daga addinin ba ya komowa. Amma bayan 2014 ya yanke cewa matan da aka sace aka tilasta musu, a karɓe su a matsayin 'ya'yan al'umma. Ko da yake batun yaran da aka haifa a bauta ya kasance da wuya a gare su, hukuncin ya ceci mata da yawa daga zama marasa kowa. A nan arewa maso gabas kuwa, wani rahoto na UNICEF da International Alert a 2016 ya nuna cewa a wasu wurare ana kiran matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram da sunan "annoba". Shekara huɗu kafin korona, an riga an laƙaba wa mutum sunan cuta. Wannan ya kai ga ainihin tambayar.

Masu cewa gida tukuna

Bai kamata a raina hujjar masu cewa a fara da na gida ba, gama tana da gaskiya a cikinta. Uban da ya bar 'ya'yansa da yunwa ya kai hatsinsa wa baƙi domin a yabe shi, ba a kiransa mai kirki. Alhakin mutum yana farawa daga waɗanda aka danƙa masa amanarsu, Manzo Bulus ma ya tsawata wa wanda ya ƙi kula da iyalinsa (1 Timoti 5:8). Har wa yau, masu masaukin da ake magana a kansu ba attajirai ba ne. Su ne suka ba da ɗaki da tabarma a 2014, sa'ad da hukuma ba ta iso ba tukuna, suka raba rijiya da aji da gadon asibiti har shekara shida. Idan irin wannan mutum ya ce ya gaji, sai a saurare shi da girmamawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai hujjar tana da iyaka, iyakar kuwa tana bayyana in an bambanta abu biyu da akan cakuɗa su, wato tukunyar gida da rumbun jama'a. Abin da mutum ya noma da guminsa, yana da ikon fara ciyar da iyalinsa da shi, ba wanda zai zarge shi. Amma tallafin gwamnati, da gudummawar ƙungiyoyi, da baikon da aka tara a majami'a domin mabukata, ba na gidan kowa ba ne. An tara su ne saboda bukata, saboda haka ma'auninsu bukata ne. Wanda ya auna rumbun jama'a da mudun asali ya mai da amana gādo.

A ɗauki misali. A ce wata ikkilisiya a Miri ta sami buhu goma na masara a tsakiyar kulle, gidaje mabukata kuwa arba'in ne, goma sha biyar daga ciki na mutanen Borno ne. Dattawa suka buɗe littafin membobi, suka kira sunayen da ke ciki. Ba wanda ya yi niyyar mugunta. Amma gwauruwar da ta zo daga Gwoza ba ta da takardar canjin ikkilisiya, gama majami'ar da za ta rubuta mata takardar toka ce, faston kuwa ya rasu ko yana Kamaru. Shekara biyar tana zama a bencin baya, sunanta bai shiga littafi ba. Ta haka ake tsallake baƙo ba tare da kowa ya ce masa tafi ba. Haka yake faruwa a jerin sunayen unguwa, da duk inda aka nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma kafin a duba fuskar mai yunwa.

Dokar ƙasa ma ba ta goyi bayan wannan ma'auni ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda asali ko addini. Nijeriya ta kuma amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta ɗora wa gwamnatocin Afirka alhakin kāre waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu. Ɗan Gwoza a Bauchi ba alfarma yake nema ba, ɗan ƙasa ne a ƙasarsa.

Hujjar tsoro ba ta isa ba

A lokacin annobar an yi ta cewa a taimaki baƙo domin cuta ba ta tambayar takardar asali, in ta kama ɗakin haya za ta tsallaka katanga zuwa gidan mai gida. Gaskiya ne, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma alherin da aka gina a kan tsoro kaɗai, ranar da tsoron ya wuce shi ma ya wuce. Abin da ya fi wannan muni shi ne tsoro yana da fuska biyu. Wanda ya ce a ciyar da baƙo don kada ya kawo cuta, gobe yana iya cewa a kore shi don wannan dalilin.

An ga haka a watannin Afrilu da Mayu 2020, sa'ad da jihohin arewa suka riƙa loda almajirai a motoci suna mayar da su jihohin iyayensu. Da aka gwada su bayan isowa, an sami da dama ɗauke da cutar, kamar yadda jihar Kaduna ta sanar. Batun gyaran almajirci yana da nasa muhimmanci, amma cusa yara a mota ɗaya a tsakiyar annoba ya nuna abin da tsoro yakan yi: yakan mai da mutum kaya, a tambayi na wane ne, a mayar wa mai shi. Ɗan gudun hijira da ya ga waɗannan motoci yana da dalilin tambayar kansa, in aka zo kansa, ina za a mayar da shi?

Tushen da ya fi tsoro ƙarfi shi ne darajar mutum, wadda ba ta rataya ga amfaninsa ko haɗarinsa ba. Shari'ar Musa ta umarci manomi ya bar gefen gonarsa da kalar girbi domin matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19:9-10). Abin lura shi ne an mai da rabon baƙo doka, ba a bar shi ga yadda zuciyar mai gona ta kwana ba. Ta wannan doka ce Rut, mutuniyar Mowab, gwauruwa kuma baƙuwa a Baitalami, ta sami abinci da mutuncinta a gonar Bo'aza. Maƙwabta Musulmi ma suna da wannan fahimta, gama matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin waɗanda zakka ta wajaba a ba su, tarihin hijira zuwa Madina kuma labarin masu gida ne da suka raba dukiyarsu da masu gudu. A wannan batu majami'a da masallacin unguwa ba su da abin jayayya.

Wa ke riƙe da mudu?

Ikkilisiyar farko ta taɓa faɗawa cikin wannan kuskure. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi da ke magana da Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce ƙarya ne ba, ba su kuma ce a yi haƙuri ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, dukansu kuwa sunayen Helenawa ne da su. Wato an danƙa mudun a hannun ɓangaren da aka tsallake.

Wannan ya nuna cewa tambayar ba ta tsaya ga nawa aka ba baƙo ba, ta haɗa da wanda ke zaune a wurin da ake yanke shawara. Kwamitin rabo da ba shi da ko mutum ɗaya daga cikin 'yan gudun hijira, komai kyawun niyyarsa, ba zai san kangon da ke bayan makaranta akwai mutane a ciki ba, ba zai san tsohuwar da ba ta jin sanarwar Hausa ba. Sa su a ciki yana kuma gyara wani tunani mai lahani, na ganinsu a matsayin masu miƙa hannu kawai. A cikinsu akwai malaman makaranta, da ungozoma, da masu bishara, da magina, da manoman da suka iya noman kan dutse. Nadia Murad, wadda ta kuɓuto daga bautar ISIS, ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2018, kuma fafutukar irinta ta taimaka har majalisar Iraƙi ta zartar da dokar tallafa wa matan Yazidawa da suka tsira a watan Maris 2021. Wanda ya sha wuyar ya fi kowa sanin inda maganin zai shiga.

Kammalawa

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Amma tambayar da ta tayar ba ta tafi tare da ita ba. A 2021 cutar kwalara ta yi ɓarna sosai a jihar Bauchi, zazzaɓin Lassa yana dawowa da rani, a watan Satumba 2024 kuma ɓallewar madatsar Alau ta sake raba dubban mutanen Maiduguri da gidajensu. An ƙwato Gwoza tun Maris 2015, wasu sun koma, amma harin bam na Yuni 2024 ya nuna dalilin da ya sa wasu ba su koma ba. Yazidawa fiye da 2,000 ma ba a san inda suke ba, shekara goma bayan faɗuwar Sinjar.

Amsar tambayar ke nan. Mutum yana da ikon fara ciyar da iyalinsa daga tukunyarsa, amma abin da aka tara domin mabukata, mabukaci ne mai shi, ko daga ina ya fito. Wannan kuwa ba a ranar annoba ake shirya shi ba, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, abin da aka saba yi shi zai fito. Tun yanzu da ake zaman lafiya ya kamata dattawan ikkilisiya da masu unguwa su zaga su rubuta kowane gida, har da na haya da na kango. A karɓi mai bi da majami'arsa ta ƙone bisa shaidar 'yan'uwa, ba sai da takarda ba. A sa 'yan gudun hijira, maza da mata, cikin kwamitin taimako, a nemi masu fassara sanarwa zuwa harsunansu, mai fili kuma ya ba da aron gona da sharaɗin da ba zai canja a tsakiyar damina ba. Yaron da aka goyo daga Gwoza a 2014 ya girma a Bauchi, Hausar Bauchi yake yi, bai san wani gida ba sai wannan. Idan wata annoba ta zo, sunansa ya kamata ya riga ya kasance a cikin littafi.